Daminar da allurar zazzaɓi ta ƙare a hannuna

Watana huɗu da kama aiki a sashen magani na wani asibitin gwamnati, sai ogana ya miƙo mini makullin sito, ya ce daga ranar ni zan riƙa rubuta odar kaya. Shi kaɗai ne mai harhaɗa magunguna a duk asibitin, aiki ya yi masa yawa. Na karɓa da rawar jiki, a zatona ƙirga kwali ne kawai.

Kafin ƙwaya ɗaya ta kai bakin mara lafiya, hannu nawa take ratsawa! Daga babban rumbun magani na jiha ake kawo mana, mu sauke a sito, mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mu shigar a katin kaya. Kowane magani da katinsa a rataye jikin kanta: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Wanda ya kusa lalacewa shi ake turowa gaba ko da jiya ya iso. Daga nan wani ya tafi tagar da ake ba masu zuwa su koma gida, wani kuma ɗakunan kwanciya, inda nas ke aiko littafin neman kaya da sa hannunta. Kuɗin kuwa juyawa suke: a sayar, a zuba a asusu, a sake saye da su, tsarin da ya yaɗu bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987. Ka daskarar da kuɗi a kan maganin da ba ya tafiya, gobe ka rasa na sayen wanda ake nema. Wannan tsoron ne ya kai ni ya baro.

An koya mini lissafi mai sauƙi. Ka duba abin da ya fita a wata uku na baya, ka raba uku, ka ninka da watannin da za ka jira, ka cire abin da ke kan kanta. A farkon Yuli na zauna na yi haka, na duba Afrilu da Mayu da Yuni. Allurar artesunate, wadda ake yi wa wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, da ƙyar take motsi a waɗannan watanni, saboda haka kaɗan na rubuta, har ina yaba wa kaina da tattali. Na manta cewa lissafin bazara nake ɗorawa a kan damina.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya, domin a takarda daidai yake. Kwalbar miligiram 60 ce. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wato mai kilo 14 zai sha 42. Aƙalla sau uku ake yi: da zuwansa, bayan awa 12, sannan a awa ta 24. Na haɗa, na ga 126, na ce kwalba biyu da ɗan ɗigo. Ashe garin maganin da zarar an narkar da shi da ruwan da ke cikin kwalin, ba ya jira. Cikin awa guda ake amfani da shi, saura a zubar. Kowace allura da sabuwar kwalbarta ke nan. Babba mai kilo 60 kuwa, a kan miligiram 2.4 kowane kilo, kwalba uku yake ci a zama ɗaya, tara kafin a ce ya soma haɗiyar ƙwaya.

Kafin Agusta ya ƙare ɗakin yara ya cika, biyu-biyu a gado. Wani dare ina bakin aiki, Sista mai kula da ɗakin ta zo da kanta, ba ta aiko kowa ba. Ta ajiye littafin a gabana ta ce, "Ɗana, kwalba shida nake so, akwai yarinyar da ke jijjiga." Na shiga sito na ɗaga kwalin, ba nauyi. Biyu suka rage. Na ba ta, sauran kuma na rubuta abin da duk ma'aikacin magani ya tsana, haruffan nan biyu, O/S, ma'ana babu.

Mahaifin yarinyar na tsaye bayanta, da hula a hannu. Ya ce, "Likita, a ina zan samo?" Ni ba likita ba ne, amma ba lokacin gyara ba ne. Na rubuta masa sunan a takarda da manyan baƙaƙe, ya hau babur cikin yayyafi ya tafi buga ƙofar masu kemis. Da ya dawo sai da na haska kwalin da fitilar waya, na karanta lamba da kwanan wata, na ɗaga kwalbar na ga garin fari ne a bushe, sannan na sake masa. Kusan ninki biyu na kuɗinmu ya biya. Ikon Allah, allura ta biyu ba ta makara ba, kwana huɗu aka sallame ta.

Da safe oga bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi. Tsohon kati ya zaro daga ƙasan durowa, na bara, ya buɗe mini Satumba ya sa yatsa a kai, ya fita. Ranar muka ara kwali daga asibitin da ke maƙwabtaka da mu, muka tura odar gaggawa.

Tun daga lokacin, in zan rubuta oda, katin bara nake fara buɗewa, na duba watannin da ke tafe. Kuma ba na rufe takarda sai na zaga ɗakunan kwanciya na ji ta bakin nas-nas, don su ne ke fasa kwalba, su suka san nawa ke tafiya kwandon shara. A katin artesunate na ja jan layi da biro a adadin da zai ishe mu sati biyu na tsakiyar damina. Bana ranar da kaya suka taɓa layin, ko sallar azahar ban jira ba na kai wa oga takarda ya sa hannu.