Abin da fina-finai marasa magana suka koya mini a aikin tace fim

Duk yaron da ya zo koyon tace fim a wurina, nakan fara zaunar da shi gaban fina-finan da aka yi kafin 1927, lokacin da murya ba ta shiga sinima ba. Yawancin abin da nake cin abinci da shi yau a can na samo shi.

Sa'ad da 'yan uwan nan biyu, su Lumière, Faransawa da ke cikin waɗanda suka fara sinima, suka haska fina-finansu a Faris ranar 28 ga Disamba, 1895, kyamara a kafe take wuri guda, kowane fim bai kai minti ɗaya ba. Cikin shekara talatin sana'ar ta nuna, don rashin baki ya tilasta wa masu ita yin magana da hoto.

A Rasha, mai shirya fim Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar wani jarumi wadda ba murmushi ba ɗaure fuska, ya haɗa ta da kwanon miya, aka ce yunwa yake ji. Ya haɗa ta da akwatin gawa, aka ce baƙin ciki ne. Fuskar kuwa ita ce dai. Tun daga nan nake kallon wurin da hoto biyu suka haɗu da muhimmanci fiye da kowane ɗayansu.

Wanda ya fi kama ni shi ne wani fim da darakta Murnau ya yi a Jamus a 1924. Emil Jannings ya fito a matsayin tsoho mai tsaron ƙofar otal, mai ji da rigarsa ta aiki, sai aka mayar da shi mai kula da banɗaki. Kusan babu rubutun da akan saka tsakanin hotuna a madadin magana a fim ɗin. Kafaɗarsa za ka duba: da riga, ƙirji a buɗe, yana taku ɗai-ɗai, da aka tuɓe masa, sai ya ranƙwafa, yana jan ƙafa. Har sato rigar ya yi ya sa zuwa gida don kada maƙwabta su gane. Ba wanda ya ce maka ya ji kunya, kai ne ka ji ta a jikinka.

Ina ƙaunar fina-finanmu na Hausa, shi ya sa abin ke damuna idan na ga mutum biyu a falo suna ta bayanin abin da ido zai gani cikin daƙiƙa biyar. Yanzu kafin na miƙa aiki nakan kashe sauti na kalli fitowar. In ban gane wa aka ɓata wa rai ba, sai na kira darakta: "Yallaɓai, akwai ɗaukar hannunta lokacin da take miƙa masa makullin?"