Asabar, daga fili zuwa Dilimi

Sanyin yau ya fi na jiya. Da na fito daga sallar Asuba hazo ya rufe duwatsun bayan unguwarmu a nan Jos gaba ɗaya, yatsuna har sun ƙi riƙe igiyar buhun ƙwallaye. Duk da haka kafin ƙarfe bakwai yara sun cika filin makarantar da muke atisaye, wasu da rigar sanyi a kan jesi, wasu sun zura safar ƙafa a hannu. Muka zagaye fili, muka miƙe jiki, sannan muka shiga fasin gajere biyu-biyu.

Akwai wani ɗan baya da nake son in fara rubutawa a kansa. Shekararsa 15, daga Gangare yake takowa a ƙafa. Farkon zuwansa, in aka ba shi ƙwallo sai ya ɗirka ta ko'ina don ya rabu da ita, kamar garwashi aka ɗora masa. In na yi magana amsarsa ɗaya ce: "Koci, ni ba ni da baiwa, tare mutum kawai na iya." Ba lallashi yake nema ba, abin da ya yarda da shi ke nan har zuciya, domin tun yana ƙarami haka abokan wasansa suke gaya masa. Ban taɓa musa masa ba, don musu ba ya cire irin wannan magana daga kan yaro. Aiki na ba shi: kullum bayan La'asar ya sami bango ya riƙa buga ƙwallo da ƙafar hagu, ya tsayar, ya sake bugawa, har a kira Magariba. Maƙwabcinsu ya ce mini har sun saba da ƙarar.

Yau a wasan raba gida, mutum biyu suka taso masa. Ya tsayar da ƙwallo da dama, ya juya, ya aika ta da hagu can ɗaya gefen filin, ta sauka a ƙafar ɗan gefenmu. Ba a ci ba. Amma bayan minti kaɗan na ji muryarsa yana ɗaga hannu yana cewa, "Ba ni! Ba ni!" Yaron da a da yake laɓewa bayan abokin hamayya don kada a gan shi a ba shi. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Fasin ya yi kyau, amma wannan kiran ne ya tsaya mini a rai, domin yaro ba ya neman ƙwallo sai ya fara ganin kansa a matsayin wanda zai iya yin wani abu da ita.

Ɗan gabanmu kuwa sai da muka gama gudu ya iso. Ba zan rage masa komai ba, Allah ya yi masa baiwa. Yana yanke mutum uku a wurin da ba ya wuce faɗin tabarma, kuma tun yana ɗan shekara goma unguwa take kiransa da sunayen manyan 'yan wasan Turai. Sai dai ba ya taɓa ƙwallo da hagu, ba ya dawowa baya, kuma in aka ƙwace masa sai ya dafe gwiwa ya fara ɗingishi. Na daɗe da lura cewa duk abin da zai iya kasawa a gaban mutane, guje masa yake yi. Ƙanwata da ta karanta harkar koyarwa a Jami'ar Jos ta taɓa ba ni labarin wani bincike da Carol Dweck da Claudia Mueller suka wallafa a Amurka a 1998. Yaran da aka yaba wa ƙwaƙwalwarsu bayan sun ci gwaji sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, kuma sun fi saurin karaya da aka kawo mai wuya, su kuwa waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi son abin da za su koyi sabon abu a ciki. Duk ranar da na ga ɗan gaban nan yana ɗingishin ƙarya sai maganar ta dawo mini. Yabo ya zame masa abin da yake gadi, yana tsoron ranar da za a ce ashe bai kai yadda ake faɗi ba.

Ƙarfe goma na buɗe shago a Dilimi. Kasuwa ba laifi, na sayar da fulogi da birki, wani direban Bauchi Road ya biya bashin da ya ɗauka.

Bayan Azahar mahaifin ɗan gaban ya zo. Dattijo ne mai mutunci, kayan gwari yake sayarwa a Farin Gada. Muka gaisa, ya ce, "Ina sanyi, Malam?" Na ce, "Lokacinsa ne, Baba." Na shimfiɗa masa darduma, na aika a kawo shayi. Sai ya fito da maganar. Wani ejan ya ga yaron, ya ce zai kai shi gwaji, amma shekararsa 19 ta yi yawa, sai a nemo takardar kotu a mayar da shi 16. Abin da ake so daga gare ni shi ne in sa hannu cewa a rukunin ƙanana yake bugawa a wurina.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kowa haka yake yi. Ƙannensa biyar ne a gida. In ya fita, mu ma mun fita."

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda yake tashi kafin Asuba ya tari motar tumatir da kabeji cikin wannan sanyi ya san abin da yake nufi da fita. Na fara masa da abin da ido yake gani. Tun gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009, FIFA take amfani da na'urar MRI tana ɗaukar hoton wuyan hannu. Ƙashin yaro yana da gurbin da bai gama haɗewa ba, in ya haɗe tsaf to alama ce mutum ya wuce shekarun. Takarda ba ta canza ƙashi. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in aka kama yaron, ejan zai nemi wani yaron, shi ne zai dawo unguwa da kunya.

Amma abin da ya fi damuna ko ba a kama shi ba yana nan. Mai shekara 19 da aka jefa cikin 'yan 16 zai yi ta cin ƙwallo da ƙarfin ƙirji, ba abin da zai tilasta masa ya gyara hagunsa ko ya koyi dawowa baya. A daidai shekarun da ya kamata a matse shi, sai a ba shi hutu. Sannan kullum zai kwana da sanin cewa tafin da ake yi masa na wani yaro ne ɗan 16 da babu shi. Yaron da dama tsoron tonuwar asiri yake hana shi gwada abu mai wuya, in aka ƙara masa wani asirin na gaske, ta ina zai girma? Na faɗa wa dattijon wannan yadda zan iya, da ladabi. Ya shanye shayinsa, ya ce zai yi shawara da mahaifiyar yaron. Bai ce ya yarda ba. Na raka shi har bakin titi ya hau Keke.

Da daddare na leƙa gidan kallo, na tarar ana gardamar da ba ta ƙarewa a Jos, wa ya fi tsakanin Ahmed Musa da Mikel Obi, tunda dukansu a garin nan aka haife su. Masu Ahmed Musa suna kawo ƙwallo biyun da ya ci Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Iceland a 2018. Kowa gudunsa yake tunawa. Ba wanda ya ambaci cewa sai da ya buga wa ƙungiyar JUTH a nan, ya tafi Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, a filayenmu masu wuya, kafin Turai ta san da shi. Ni Mikel na fi tunani a kai yau. A gasar 'yan ƙasa da 20 ta 2005 shi ne ya zo na biyu bayan Messi a zaɓen gwarzon ɗan wasa, yana buga tsakiya mai kai hari. Da ya je Chelsea a 2006 aka mayar da shi mai tare gaban 'yan baya, aikin da ba a cika yi wa tafi ba. Ya karɓa, ya koya, ya zauna fiye da shekara goma, ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012. Har yau akwai masu cewa an ɓata masa baiwa, kuma ina fahimtarsu. Amma na san 'yan wasa da yawa a unguwannin nan da aka ce su canza gurbi suka yi fushi suka ajiye takalmi, domin a ransu sun riga sun yanke ko su waye.

Gobe Lahadi akwai wasan sada zumunta da wata ƙungiyar manya daga Unguwar Rogo. Zan sa ɗan gaban daga farko, a gefen hagu, kuma zan gaya masa tun kafin a fara cewa za a ƙwace masa ƙwallo sau da yawa, abin da zan duba shi ne ko zai bi ta. Bayan wasa ina son mu zauna ni da shi kaɗai in ji ta bakinsa kan maganar takardar, don duk yinin yau manya ne suka yi ta magana a kan shekarunsa. Ɗan Gangare zai shiga bayan hutun rabin lokaci. In na samu sarari da safe zan biya Terminus in duba masa takalmi na gwanjo, nasa ya buɗe baki ta gefen hagu.