Wasiƙa daga Ingila: Mai alli da zoɓo ne ke rubuto muku

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Ina gaishe ku daga arewacin Ingila, inda sanyi ya hana ni sakat. Shekara biyu ke nan ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina cikin malaman da suka tsere daga gida.

Su ma Turawan malamai na zille musu. Kusan ɗaya cikin uku na sababbin malamansu kan bar aikin cikin shekara biyar. Shi ya sa a Fabrairun 2023 suka buɗe wa malaman Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe ƙofa, a shekarar kuma suka yi tayin fam 10,000 na kuɗin ƙaura ga malamin fiziks. Da namu suke toshe ɓarakarsu.

Albashi na cikin dalilan tahowata, ba na musu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata dattijuwa mai kula da ɗakin gwaji. Tun kafin mako ya fara nake rubuta mata abin da nake buƙata. Ranar darasi sai in tarar ta turo kayan a keken hannu, kwalabe a wanke, kowane sinadari da sunansa a jiki. Ranar farko na tsaya sororo ina kallo kamar baƙauye. Ga kuma kashi 10 cikin 100 na lokutan darasi da aka ware wa kowane malami don shiri da makin.

A makarantar da na baro kuwa, ɗakin gwajin ya zama sito. A allo nake zana kwalbar gwaji. Da abin ya ishe ni sai na jiƙa zoɓo, na ɗiga lemon tsami ya yi jajir, na zuba ruwan kanwa ya rikiɗe ya koma kore-kore. Yaran baya har kan benci suka hau. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe kimiyya a madafin innata take!" Daga aljihuna na sayi komai, ba wanda ya tambaye ni ko nawa na kashe.

Dokar Najeriya ta 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 ta yi wa dattawanmu rana, amma saurayin da ya gama digiri a kemistiri ba ritaya ce damuwarsa ba. Tsarin albashi na musamman da aka yi alkawari tun 2020, wane malamin jiha ne ya gan shi a alat?

Kuma mun taɓa iyawa. A 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zuba musu kaya da malamai. Ku shiga asibitocin Arewa ku ƙirga likitocin da suka fito daga can.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, in wannan ta iso gare ka, a fara da ɗaukar masu kula da ɗakunan gwaji. 'Yan ƙungiyar iyaye da malamai, a taronku na gaba ku ce a ba ku mabuɗin ɗakin ku leƙa da kanku.

Ku gaida gida.

Naku,
Wani malamin kimiyya