Furojet ɗin da ya sa na taka cikin gari da ƙafa

Ni haifaffen Kano ne amma a wajen badala na taso, kuma abin kunya har na kai aji huɗu a jami'a ina karanta tarihi sanina da cikin gari bai wuce Kurmi ba in an aike ni, sai Ƙofar Kudu ranar hawan daushe. Da lokacin furojet ya zo na ce zan yi rubutu kan tsofaffin unguwannin birni, na haɗa wasu shafuka daga laburare na kai wa malamin da ke duba ni ina ta jin kaina. Ko shafi biyu bai karanta ba ya ɗago ya ce, "Ka taɓa zuwa Madabo?" Na ce a'a Malam. Ya ce, "To kwashe takardunka, je ka taka garin da ƙafarka, kuma ban yarda ka hau adaidaita ba." Wallahi ranar haushinsa na ji, na ɗauka so yake kawai ya wahalar da ni.

Wuraren da kowa ya sani na fara da su don su ne masu sauƙi. Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da aka ce tun 1498 ake rini a cikinta, Gidan Ɗan Hausa inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Waɗannan in ka je akwai mai yi maka bayani, ka saurara ka yi hoto ka fito. Abin da ya tsaya min a Gidan Makama shi ne tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga da aka ajiye, ƙofar da sojojin Turawa suka shigo ta ita a 1903 lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sau nawa na wuce Kabuga a mota ina jin kwandasta na kiran sunan, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai ƙyaure na gaske da aka taɓa rufewa da daddare ba.

Amma aikin bai fara ba sai da na shiga lungu. Kuma abu na farko da lungu ya koya min shi ne sunan unguwa ma takarda ce, kawai dai ba a laburare take ba. Ka ɗauki Alfindiki, kalmar Larabci ce, funduƙ, wato masauƙin fatake. Dandalin Turawa kuwa na daɗe ina zaton Nasara ake nufi, ashe a da Larabawan da ke ƙetaro Sahara daga su Tarabulus da Ghadamis ake ce wa Turawa, tun kafin ɗan Ingila ya san hanyar Kano. Ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarbawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Sharifai da ake danganta ta da zuwan Shehu Magili zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga Soron Ɗinki da Dukawa da sunansu kaɗai ya gaya maka sana'ar da ake yi a wurin. Mutum na tafe yana karanta allon kyamis da na masu cajin waya, ashe jerin mutanen da suka haɗu suka gina garin yake karantawa bai sani ba. A cikin mota ba za ka taɓa gane wannan ba, don titi gefen unguwa yake bi, kuma da yawan lungunan ko babur sai ya yi dabara.

Madabon da Malam ya tambaye ni na je. Tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, su suka ƙarfafa salla a garin, kuma Madabo na cikin wuraren da ake alaƙantawa da su da karatunsu. Ni kuma da na taho da hoton wani gagarumin gini a kaina sai na tarar da unguwa kawai, yara na ƙwallo, mai ƙosai na suya, almajirai da allunansu. Sai da na zauna na fahimci ai abin da na zo nema shi ne wannan karatun da har yau ba a tashi daga kansa ba.

A wani lungu kuma na sha kunyar da ba zan manta ba. Na hango wani tsohon zaure na ƙasa, da zanko a kansa da zanen dagi a goshinsa duk ya fara gogewa, ban yi wata-wata ba na zaro waya na fara ɗauka. Ashe akwai dattijo a zaune a ciki kan buzu. Ya ce, "Samari, a garinku haka ake yi? Gida ne fa, da mutane a ciki." Na durƙusa na ce Baba a yi haƙuri, na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi daga inda nake da abin da ya kawo ni. Ya yi shiru kamar ba zai kula ni ba, can ya ce in shigo. Mutumin nan ya fi awa biyu yana nuna min yadda ake jera azara a rufi, da yadda ake murza tubali, da makubar da ake shafe bango da ita don ruwa, ya ce kududdufin da ke bayansu nan ne aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen layin gaba ɗaya. Daga ranar duk unguwar da zan shiga sai na fara neman mai unguwa ko limamin masallaci na gabatar da kaina, waya kuma tana aljihu har sai an ce bismilla.

Sai dai kuma akwai ɗaya gefen, wanda da ban yi hankali ba da ya kayar da ni a difens, wato ranar kare furojet a gaban malamai. Dattijo ya ba ka labari da daɗi ba shi ke nufin haka aka yi ba. Rijiya guda na tambayi mutum uku na samu labari uku, kuma kowa kakansa ne ya haƙa. Kusan duk wani tsohon abu za a ce maka ya shekara ɗari biyar, ko a ce tun zamanin Rumfa, don shi ne sunan da kowa ya riƙe, alhali ganuwar ma Sarki Gijimasu ne ya fara ta tun ƙarni na 12, Rumfa faɗaɗa ta ya yi. Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka ji suke faɗa. Dole na koyi rubuta wa ya faɗa, a ina, shi kuma daga wa ya ji, sannan in koma takardu in gwada. Kuma takardun su ma da nasu, Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mutanen birni dubu 30, amma baƙo ne da ya yi 'yan makonni yana fama da zazzaɓi da masu bin sa bashi.

Ranar ƙarshe na hau Dala da yamma liƙis, ƙafafuna duk sun yi kanta, takalmina ya ɓalle na ɗaure da leda. Barth ya rubuta cewa a lokacinsa fili mai yawa a cikin ganuwa gonaki ne. Ni dai daga sama kwano kawai na gani har iya ganin ido, sai Goron Dutse can gefe. Amma na iya nuna wa abokin da ya rako ni wajen Kurmi da Jakara, na ce can ne lungun Baban nan mai zaure. Ya ce a ina, shi duk ɗaya yake ganin su. Muna cikin musu aka kira magariba muka sauko.