Daga Newport: amsa ga masu tambayar yadda kurtu ke ɗaura anini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina lafiya, iyali ma lafiya, a gaida kowa da kowa. Saƙonni sun taru mini, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: wai da gaske ne a sojan ruwan Amurka mutum zai shiga a kurtu ya fita a hafsa? Wasu sun haɗa da zancen albashi da abinci da aure, zan taɓo su in na samu sarari.

Da gaske ne. Mike Boorda ya bar sakandare bai gama ba, ya shiga a ƙaramin soja a 1956, a 1994 ya zama shugaban rundunar sojan ruwan baki ɗaya. Amma kada labarinsa ya ruɗe ku, ba jarumta ake fara tambaya a bakin ƙofa ba, takarda ake tambaya.

Hanyar da kowa ke kwaɗayi ita ce babbar kwalejin hafsoshi ta Annapolis, wadda aka kafa a 1845. Duk shekara ana ware gurbi 170 don ƙananan sojoji, rabi ga masu aikin dindindin, rabi ga na ko-ta-kwana. To, yaron da ya shekara biyu yana goge tsatsa a jirgi, ina ya tuna lissafin aji shida? Shi ya sa akwai makarantar share fage da ake kira NAPS, a nan barikin da nake yanzu a garin Newport, jihar Rhode Island. Wata goma ake yi ana dakar lissafi da kemistiri da fizis da rubutun Turanci, albashinka yana tafiya. Ba a nemanta kai tsaye. Annapolis za ka nema, su duba su ce yaron nan da ƙarfinsa amma karatu ya yi sanyi, sai su turo ka nan. Ta taga ina ganinsu da asuba suna gudu a bakin teku, hayaƙi na fita ta bakinsu.

Ni ban samu wannan ba, kuma a nan ne takaicin yake. Sharaɗi uku ne: ka zama ɗan ƙasa, ba ka da aure ko wani da ciyar da shi ke wuyanka, kuma kada ka kai shekara 23 ranar 1 ga Yulin shekarar da za ka shiga Annapolis. Da katin zama na shiga soja, wannan ya halatta, amma anini sai da takardar zama ɗan ƙasa. Ita ta fito. Abin da ya kayar da ni daga gida ya zo. Aka ce in kawo sakamakon sakandare aji-aji, daga makarantar kai tsaye. Na roƙi Yaya ya je. Ya je sau huɗu. Ranar farko mai makullin ofis ya tafi ta'aziyya, ta biyu aka ce gara ta ci fayil. Da takardar ta iso, sunana da "u" a ƙarshe, a fasfo babu. Shekarar haihuwa kuma ta sha bamban da ta takardar rantsuwar kotu, don wani kawunmu, Allah ya jiƙansa, ya rage mini shekara ɗaya tun ina firamare wai zai taimaka gaba. Matar da ke duba takardun ta jera su uku a tebur, ta ɗora yatsa a kan kowace, ta dube ni ta ce wanne ne ni a ciki. Kafin a warware, Yuli ya wuce, shekaru sun wuce da shi.

Don Allah masu 'ya'ya, in an rubuta Abubakar a bar shi Abubakar har tsufa, shekarar da aka haife shi kuma ita ce shekararsa.

Allah bai rufe ƙofa ba. Akwai shirin STA-21 na mayar da ƙananan sojoji hafsoshi, wanda ya samo tushe daga tunanin Boorda. Kwamandanka ya shaide ka, ka ci jarrabawar shiga jami'a, in an zaɓe ka sai ka zo Newport kwas na sati takwas, daga nan ka wuce jami'a ka gama digiri cikin wata 36. Albashi ba ya tsayawa, ana kuma biyan kuɗin makaranta har dala 10,000 a shekara. Shi ya kawo ni. Mai digiri tun asali kuwa kwas ɗin sati 13 zai yi, shi ma a barikin nan.

Sanyi kam, ku bar kiran abin da ake yi a Kano hunturu. Iskar teku ta cikin safar hannu take shiga, shekaranjiya na kasa ɗaure igiyar takalmi sai da na hura yatsuna. Man shanun da Hajiya ta aiko ya zama dutse.

Albashi yana isa in ba ka ci bashin mota ba. Abinci, kifi nake bi. Zancen aure sai wata wasiƙar, gobe muna da jarrabawar karatun taswirar teku ban buɗe littafin ba.

Naku,
ɗan uwanku a Newport