Na sha tsayuwa a Royal Albert Hall

Talata, Landan.

Yau dai abokin aikina ya ci galaba a kaina, na bi shi babban zauren Royal Albert Hall sauraron bikin kiɗan Turawa da ake kira Proms, wanda ake yi a garin nan duk bazara tun 1895. Sai da na yi la'asar sannan muka kama hanya. Tikitin tsaye muka yanka don shi ne mai araha, kuma abin dariya, mu masu tsayuwar ne a filin tsakiya dab da makaɗa, masu kuɗi suna can kewaye a kujerunsu suna hangen nesa. Da na ɗaga kai sai na ga wasu manyan faya-fayai rataye a rufi. Ashe tun da aka buɗe ginin a 1871 amsa-kuwwa ke damun masu sauraro, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 aka rataya su don maganinta.

Kafin a fara, mai busa obo, 'yar uwar algaita ce amma muryarta ta fi laushi, ya saki sauti guda, kowa ya daidaita kayansa a kai. Jagora ya fito da 'yar siririyar sandarsa. Daga nan mutum dubbai suka yi tsit, ko tari sai an daure.

Kiɗa na tara na Beethoven, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, aka yi, wanda aka fara kaɗawa a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1824, lokacin kunnensa ya riga ya mutu. Kashi huɗu ne, kuma bisa al'ada ba a tafi a tsakani. Wasu 'yan tsiraru sun tafa bayan kashi na biyu, inda mai tambura ya yi ɓarna, ni kam ban ga laifinsu ba. Na uku a hankali yake tafiya, a nan ƙafafuna suka fara kawo ƙara.

Amma abin da ya ɗauke min hankali duk daren shi ne mawaƙa. Suna jere a bayan makaɗa, maza da mata, hannu a cinya, kusan awa guda ba wanda ya ce uffan. Na yi ta kallonsu ina cewa a raina, waɗannan fa me aka tara su yi? Da kashi na huɗu ya kankama, manyan gogen nan masu kaurin murya suka shigo da karin ƙasa-ƙasa, har sai da na karkata kunne. Ƙananan goge suka karɓa, masu busa suka karɓa. Can mutum ɗaya ya miƙe ya ɗaga murya, sauran suka amsa masa gaba ɗaya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ba na jin Jamusanci ko kalma, amma na tabbata da tun farko suka soma waƙar, da ba ta dake ni haka ba. Abokina ya raɗa min, "Ya ka gani?" Ko kallonsa ban yi ba.

An daɗe ana tafi da buga ƙafa a ƙasa, jagora yana shiga yana fitowa. Muka gangara tashar South Kensington cikin cunkoso. Na iso gida na yi magariba da isha'i, na ɗumama sauran shinkafar jiya. Gobe da sassafe akwai aiki, ga duga-dugaina suna zugi.