Biskit ɗin Auta

Asabar. Yau dai Abbansu ya cika alkawari ya kai mu Gettysburg, tsohon filin yaƙi a jihar Pennsylvania, bayan wata da watanni yana ce mana sati mai zuwa. Mun fita ana idar da asuba, Ummi ta yi ta barci har muka isa, Auta kuwa bai bar kunnen kowa ya huta ba.

Wajen fili ne fetal, gonaki da 'yan tuddai, amma duk inda kika waiga dutse ne an sassaƙa an kafa, sun haura dubu. Yawancinsu tsofaffin sojoji ne suka dawo bayan shekaru, kowace runduna ta kafa nata a inda ta tsaya ta yi faɗa a kwana ukun farko na Yuli 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka. Ni dai da farko duk iri ɗaya nake ganinsu, ƙafata ma ciwo take.

Sai da muka zo na runduna ta 11 ta sojan ƙasa na Pennsylvania a tudun Oak Ridge. Soja ne a sama riƙe da bindiga, ba wani abu, har mun juya za mu koma mota sai Auta da ya zagaya ta baya ya kwaɗa min kira, Mama zo ki ga kare! Ashe daga ƙasa akwai wata 'yar karya ta tagulla a kwance, sunanta Sallie, mutane sun zuba mata biskit da tsabar kuɗi a gabanta. Tun tana 'yar kwikwiyo aka ba su ita a 1861, ranar farko ta faɗan Gettysburg da aka kora su suka ja da baya sai ta ɓace musu, bayan kwanaki aka dawo aka same ta nan wajen gawawwaki da masu rauni na rundunarta, ta galabaita amma ba ta tafi ba. Harsashi ya kashe ta a Virginia a Fabrairu 1865, su kuma da suka zo kafa dutsensu a 1890 ba su manta da ita ba.

Kafin in ankara yaron nan ya zaro biskit ɗinsa zai ajiye. Abbansu ya ce kai, mayar da shi aljihu, mu ba ma ajiye wa gunki abinci. Na ce haba Abbansu, yaro ne fa. Ya ce ai shi ya sa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Auta ya turo baki ya ce ai ba ita za ta ci ba, tsuntsaye ne za su ci, wallahi sai da na juya baya don kar ya ga ina dariya. Kuma fa na san Abbansu na da gaskiya, ni kaina ban saba da kare ba, a gidanmu ko ƙofar zaure ba ya ƙetarawa, amma yadda ya faɗa da ƙarfi a gaban wasu tsofaffin Turawa ne ya sosa min rai, yaron ya tsargu, ya yi tsit.

Muna cikin mota ya matso kunnena a hankali ya ce Mama, kwanakin da ta zauna a wajen, wa ya ba ta abinci? Na buɗe baki na rasa me zan ce. Tun daga nan walwalata ta tafi.

Mun tsaya wajen na runduna ta 1 ta Minnesota, sojan yana gudu da bindiga. Mutum 262 aka tura su tare abokan gaba, 215 suka faɗi, wasu matattu wasu da rauni. Ban fito daga mota ba.

Sallar azahar a gefen wajen ajiye motoci. Shinkafar ta huce. Cunkoso a hanyar dawowa.

Yanzun nan nake ware kayan wanki, na laluba aljihun wandon Auta, leda ce kawai babu biskit. Ko ya cinye, ko ya faki idonmu ya koma ya ajiye lokacin da Ummi ta tsaya ɗaukar hoto, oho. Ban tambaye shi ba, kuma ban gaya wa Abbansu ba.